Gilashin gaban a-kori-kura: abin da na gani tsakanin Jos da Abuja

Duk mai a-kori-kurar da ke neman abinci da ita, ba mai ajiye ta don zuwa ɗaurin aure ba, ya san gilashin gaba yana cikin kayan da hanya ke ci. Taya dai kana kallonta tana suɗewa, ka shirya mata kuɗi. Gilashi kuwa kana cikin tafiya za ka ji ƙas, shi ke nan lissafin watan ya canza.

Ni harkar dankalin turawa da kabeji da karas nake yi. A Jos nake zaune, ina ɗauko kaya daga wajajen Bokkos da Mangu, wani lokaci daga kasuwar Farin Gada, in kai wa masu otal da masu shaguna a Abuja. Motata mai ƙofa huɗu ce, ta sha hanya, kuma gilashin da ke kanta yanzu shi ne na uku: wanda ta zo da shi, da wani mai araha, da wannan matsakaicin. A kansu zan yi magana, da kuma gyaran nan na ɗura ruwan gam a cikin tabo.

Mai ƙaramar mota yakan yi mamakin yadda mu ba ma rabuwa da tsagaggen gilashi, har ya ɗauka ganganci ne. Gilashin ƙaramar mota a kwance yake, tsakuwa ta taɓa shi sai ta goga ta wuce sama. Namu ya fi miƙewa, dutse gaba da gaba yake samun sa. Ga kuma hanyoyin da muke shiga. Idan ka loda buhuna ka bi hanyar gona, taya ɗaya a rami ɗaya a tudu, motar gaba ɗaya tana ɗan murɗawa, kuma wani abu na murɗar nan yana kaiwa ga gilashin da ke manne da bodi. Sai yanayi. Jos tana kan tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, a Disamba da Janairu sanyin asuba yakan sauko digiri 10 ko ƙasa da haka. Ka taso cikin wannan sanyi, ka gangara Hawan Kibo, ka bi Gwantu da Akwanga, kafin ka wuce Keffi rana ta buɗe, dashbod ya yi zafin da ba ka iya ɗora hannu. A yini ɗaya gilashin ya tsuke ya kuma buɗe. Lafiyayyen gilashi ba ya damuwa da wannan. Mai tabo shi ne ke shiga uku.

Gilashin gaba falle biyu ne, kowanne kaurinsa wajen milimita 2, a tsakaninsu akwai wata leda mai ƙarfi da ake kira PVB, galibi milimita 0.76. Ledar ce ke riƙe shi idan ya fashe, shi ya sa yake tsagewa amma ba ya zubowa a fuskar direba. Na ƙofa daban ne, gasa shi ake yi, in ya tashi fashewa sai ya zube ƙanana-ƙanana lokaci guda. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, yawancin tabon da dutse ke yi a fallen waje kaɗai yake tsayawa, na ciki lafiyarsa lau. Ka shafa da farce ta ciki, in ba ka ji komai ba, akwai sauran magana.

Wanda motar ta zo da shi ba ni da abin cewa a kansa sai yabo. Ya sha duwatsun da ban san adadinsu ba, mafi yawansu ɗan ɓantare kawai suka bari, babu wanda ya yi ƙafa. Abin da shekaru suka yi masa shi ne ƙananan ramuka birjik, na yashi da ƙurar hunturu, waɗanda da rana ba ka lura da su. Da dare ne, in tirela ta dallo maka fitila a kwanonin Hawan Kibo, sai hasken ya watsu a gilashin gaba ɗaya, ka koma tuƙi da ƙiyasi. Wannan ba laifin gilashi ba ne, tsufa ne, kuma duk mai sayen gilashin Beljiyam ya sa wannan a ransa, zan dawo kai.

Ajalinsa wata tifa ce da ta kwaso tsakuwa ba rufi, muka haɗu bayan Keffi. Dutsen ya same shi ƙasa, ɓangaren mai zaman banza, yatsa biyu daga baƙin layin nan da ya zagaye gefen gilashi. Tabon bai kai faɗin farcen ƙaramin yatsa ba, da 'yan ƙafafu uku gajeru. Haka na je Abuja na dawo bai motsa ba. Washegari da asuba a Jos gilashi ya yi raɓa, ba a ganin hanya sai an hura masa iska mai ɗumi. Ina zaune ina kallo, ɗaya daga cikin ƙafafun ta miƙe, ba ƙara ba komai, ta yi taƙi guda ta tsaya. Na shiga gargadar farko wajen fita unguwa ta ƙara. Kafin in kai Mararrabar Jama'a ta ratso har gabana.

Inda dutse ya faɗi ya fi girman dutsen muhimmanci. Gefen gilashi dama a ɗaure yake, nan ne aka manne shi, nan ne yake ɗaukar duk motsin bodi. Kamar yadi ne a hannun mai shago: ya ɗan tsaga bakinsa da almakashi, sauran ja ɗaya ne. Tabo a tsakiya yana iya zama da kai shekara bai ce uffan ba, na gefe kuwa ba ya kwana da yawa.

Lokacin da na tashi canzawa, naira ta riga ta faɗi bayan sauyin da aka yi a tsakiyar 2023, kuɗin kayan mota ya yi sama, ga fetur. Gilashi mai tambarin kamfanin motar kuɗinsa ya ninka na kasuwa sau da yawa. Na ɗauki mafi araha da na samu a wani shago a cikin Jos, suka ɗaura min nan take a bakin titi, cikin ƙasa da awa ɗaya aka miƙo min makulli.

Ba zan ba kowa shawarar irin wannan gilashi ba, ko da motar sayarwa za a yi. Abu na farko da na gani tun ranar shi ne hanya tana rawa. In ka kalli sandar wutar lantarki ta ƙasan gilashin, ko ta kusurwar dama, sai ka ga ta lanƙwashe, ka motsa kai ta miƙe. A cikin gari abin dariya ne. A tafiyar awa huɗu ko biyar ciwon kai ne na gaske, idanu su yi jajir. Na biyu, lanƙwasarsa ba ta dace da bakin motar ba, a kusurwar sama sai da suka danna shi da ƙarfi suka cika wajen da gam. Daga gudun kilomita 80 sai fito ya fara a saman kaina. Damina ta shigo, ruwa ya riƙa ɗiga ta bayan madubi, kusurwoyin ƙasa suka yi fari-fari, alamar ruwa ya shiga tsakanin fallayen yana raba su da ledar.

Ƙarshensa ko dutse bai jira ba. Ina fitowa daga wajen Maikatako da lodin dankali, a wata hanya da ruwa ya zaizaye, sai tsaga ta taso daga daidai kusurwar da aka danna, ta gangaro a karkace. Na bi ta da bakin biro daga farko har ƙarshe, babu inda biron ya maƙale, wato babu ramin dutse. Gilashin da aka tilasta wa zama a inda bai dace ba, a matse yake tun ranar farko, ramin hanya kawai ya ƙarasa shi. Na koma shagon, mai shagon ya ce, "Alhaji, gilashi ai ba shi da garanti, ƙaddara ce." Ban ja da shi ba, amma ƙaddarar nan na ga hannun mutum a cikinta.

A nan ne abokan harka suka yi ta ba ni shawarar na Beljiyam, wai tsohon na asali ya fi sabon jabu. Akwai gaskiya a ciki, lanƙwasarsa daidai take kuma ba ya rawa. Sai dai gilashin da aka yanko daga jikin wata mota da waya ko wuƙa sau da yawa gefensa ya ji rauni, kuma raunin a ƙarƙashin baƙin layi yake ɓuya. Ga ramukan yashin da ya kwaso a ƙasar da ya fito. In za ka saya, ka fito da shi rana, ka karkata shi, ka bi gefensa da yatsa kewaye. Na duba guda biyu a kasuwar Dilimi ta Jos, duka sun yi ramukan da suka kai na tsohona, na haƙura.

Tambarin da ke kusurwar ƙasa ya cancanci a tsaya a karanta shi. Za ka ga harafin E a cikin da'ira da lamba a gefensa, sannan 43R. Lambar da ke gefen E ɗin, ƙasar da ta amince da ingancin gilashin take nunawa, ba inda aka ƙera shi ba: E1 Jamus, E2 Faransa, E4 Holan, E6 Beljiyam, E11 Birtaniya. Don haka in mai shago ya nuna maka E1 ya ce ɗan Jamus ne, ƙila a China aka yi shi. Wasu suna ɗauke da DOT da lamba, tsarin Amurka ke nan, lambar ta masana'antar da ta yi shi ce, kuma na gaba dole ya zama AS1. Na China suna da tambarin CCC. Gilashina mai araha, da na duba daga baya, suna kawai aka buga masa da wani zane, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Maganar "ɗan China" ma a daina yi mata kuɗin goro. Kamfanonin mota ba su ke narka gilashi ba, saye suke yi daga irin su AGC na Japan, da Pilkington, da Saint-Gobain Sekurit na Faransa, da Fuyao na China, wanda har masana'anta yake da ita a jihar Ohio ta Amurka. Ƙasa ɗaya tana fitar da mai kyau tana fitar da na banza, ya danganta da wanda ɗan kasuwarmu ya je ya yi oda.

Na ukun a Abuja aka ɗaura min, wajen wani dattijo mai gilashi a yankin makanikai na Apo, wanda wani mai otal da nake kai wa kaya ya haɗa ni da shi. Gilashin matsakaici ne, mai cikakken tambari, kuɗinsa da na aiki ya kusa ninka na mai arahar, amma bai kama ƙafar mai tambarin kamfanin mota ba. Abin da ya sa nake ganin kuɗina bai tafi a banza ba shi ne aikin, don na zauna na kalla.

Da suka yanke tsohon, ya kira ni. "Alhaji, zo ka gani da idonka." Bakin ƙarfen da gilashi ke zama a kai ya yi tsatsa a kusurwar sama, ja wur, har ta kumbura fenti. Wuƙar masu aikin baya ce ta kankare fentin, ba su shafa komai ba suka rufe. Ya ce, "In na ɗora sabo a kan wannan, wata nawa ne za ka dawo ka ce gilashina ba shi da kyau." Yaronsa ya goge tsatsar har ƙarfe ya fito fari, aka shafa wani baƙin ruwa na share fage, aka bar shi ya sha iska. Kafin a sa gam sai da suka ɗora gilashin haka nan a bushe, suka duba tazarar kowane gefe, suka yi alama da salatif. Gam ɗin baƙi ne mai kauri, wanda ake kira yuretan, ya nuna min kwanan watan da ke jikin kwalinsa, ya zuba shi layi ɗaya a tsaye ba yankewa. Mutum biyu suka ɗauko gilashin da abin tsotsa, ba wanda ya taɓa gefensa da hannu, suka ajiye shi sau ɗaya.

Na ce, "Baba, ina son in kama hanyar Jos kafin la'asar." Ya ce, "Yau dai a Abuja za ka kwana, ɗana. Ka bar gilasan ƙofa a ɗan buɗe, kada a buga ƙofa, kada a kai ta wanki." Raina bai so ba, don kwanan Abuja kuɗi ne. Amma dalilinsa mai ƙarfi ne. In ka buga ƙofa gilasai a rufe, iskar cikin mota tana tura gilashin gaba waje, gam kuma bai kama ba. Sannan gilashin gaba ba kariyar iska kaɗai ba ne: yana taimaka wa rufin mota in ta kife, kuma a motoci da yawa jakar iskar mai zaman banza a jikinsa take dafawa in ta fito. Wanda aka manne da gam ɗin tagar ɗaki fita zai yi ya bar ka.

Yanzu ya ga damina da hunturu, ga abin da zan ce. Ba ya rawa, ba fito, ba ɗigo. Ƙanƙarar farkon damina ta same shi a fili a Bukuru, irin wadda ke yayyaga ganyen masara, bonet ya samu 'yan lotsa, gilashin ko gezau. Duwatsu sun same shi, kuma a nan zan rage masa maki: a ganina ya fi na asalin saurin ɓantarewa, tsakuwar da da sai dai ta yi ƙara ta wuce, a wannan tana barin ɗan fari. Ƙura ma ta fara yi masa ramuka da wuri. Launin shuɗin da ke saman na asali mai tare rana shi ma babu, da hantsi in na fuskanci gabas ina jin rashinsa. Amma babu tabon da ya yi ƙafa da kansa, har da hanyoyin Bokkos, kuma ni wannan nake nema a gilashi.

Tabo ɗaya ne ya yi girman da ya tayar min da hankali, zagayayye, a tsakiya can sama. Dattijon ya riga ya gaya min abin yi: a manna masa farin salatif nan take, kada ƙura da ruwa su shiga, kada a wanke. Na kai masa a zuwana na gaba. Ya kafa wata 'yar na'ura mai ƙafa uku a kan tabon, ta zuƙe iskar ciki, ta tura ruwan gam mai haske, yana ɗan danna gilashin ta ciki da yatsa ina ganin duhun tabon yana ɓacewa kaɗan-kaɗan. Ya rufe da 'yar leda, ya haska masa fitila mai shuɗin haske har ya daskare, ya kankare saman da reza. Duka bai kai awa ba, kuɗin kuma ɗan kaɗan ne a kan na sabon gilashi. Tabon bai ɓace ɗungurungum ba, in ka san wajen za ka ga ɗan ɗigo. Amma ya wuce sanyin Janairu bai motsa ba.

Gyaran nan yana da iyaka, shi ma mai yin sa bai ɓoye ba. Ba ya karɓar tabon da ya kai gefe, ko wanda ya ratsa fallen ciki, ko wanda ke daidai saitin idon direba, ko tsohon da ya sha ƙura da omo. Ya fi tsanar wanda aka ɗiga wa sufa gulu, wanda shi ne maganin da direbobinmu suka fi yarda da shi. Sufa gulu saman ramin kawai yake toshewa, bai shiga cikin ƙafafun ba, kuma ya hana gam na gaskiya shiga daga baya. Masu huda ƙarshen tsaga ko su yi mata zane a gaba don ta tsaya, na ga inda ya yi aiki na ɗan lokaci, na ga inda tsaga ɗaya ta koma biyu.

Sauran abin yana hannun direba. Tifofin da ke kwaso dutse daga wajajen Mpape da sauran wuraren fasa dutse, da yawansu ba sa rufe kaya, kuma tsakuwa tana maƙalewa tsakanin tagwayen tayoyinsu ta fito da ƙarfi. Ƙarfin bugu ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba, in gudu ya ninka, bugun sau huɗu yake zama. Ko dai ka ba tifa tazara mai yawa, ko ka wuce ta da zarar hanya ta buɗe, zama a gindinta shi ne mafi muni. Haka inda aka zuba sabuwar tsakuwa ana gyaran titi. A hunturu kuma kada a kunna waifa a kan busasshiyar ƙura, shi ke jawo zanen nan mai lanƙwasa da ba ya gogewa. Yaran da ke wanke gilashi a danja ma, sandarsu cike take da yashi, ni ina ba su abin da ya samu in ce su bar shi. Motar da ta wuni a ranar Abuja, a sauke gilasai ta huce kafin a sakar wa gilashin gaba sanyin esi ko a watsa masa ruwa.

Wasu suna tambayata ko babu gilashin da dutse ba ya yi wa komai. A Amurka ana sayar da na Gorilla Glass, dangin wanda ke fuskar waya, don Jeep Wrangler da Gladiator, motocin da gilashinsu a tsaye yake ƙyam. Shi ma rage fashewa yake yi, ba hanawa ba. Inshorar dole da yawancinmu ke yanka, wadda aka ƙara wa kuɗi a farkon 2023, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, gilashinka ba ya ciki. Tsagaggen gilashi kuma laifi ne a wajen 'yan rod sefti, kuma a hanyar Jos zuwa Abuja ba wuri ɗaya suke tsayawa ba.

Masu sababbin a-kori-kura, irin waɗanda ke da kyamara a bayan madubi mai lura da layin titi da motar gaba, su nasu lissafin daban ne. Gilashinsu yana da mazaunin kyamarar, kuma bayan an canza shi sai an sake saita ta da kwamfuta, in ba haka ba tana iya ganin layi a inda babu shi. A tambayi mai gilashi ko yana da inda ake wannan saitin tun kafin ya sa wuƙa a jikin tsohon.